Bayan bak, saura jarrabawar haya



Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, ana guɗa a gidaje, ana rabon goro da alewa, ana buga waya ƙauye a ce ɗan wane ya samu. Wata biyu ko uku bayan nan sai ka fara ganin yaran a garin ga, sun sauko daga tasha da katifa a naɗe, da buhun hatsi da ƴar jakar takardu, suna bin layi ɗaya bayan ɗaya suna tambaya: "Baba, don Allah ko akwai ɗakin haya nan kusa?" Mu da ke zaune a unguwannin da ke kewaye da jami'a mun saba da wannan tambaya. A cikinmu akwai masu gidajen haya, akwai ƴan haya, akwai kuma iyayen da nasu ɗiyan ke haya a wani gari. Abin da muke gani shekara da shekaru shi ne, ɗan talaka da ya ci bak yana da sauran jarrabawa guda a gabansa, wadda ba a koyar da ita a lise, kuma ƙwazo ba ya cin ta. Ita ce samun wurin kwana. Tana kayar da yara a ɓoye, ba a kuma manna sunayen waɗanda suka faɗi a jikin allo.

Matasan yanzu ba su san yadda abin yake da ba. Kafin 2008, jami'ar gwamnati guda ce tak a ƙasar nan, ta Abdu Mumuni da ke Yamai. Duk wanda ya samu bak a Tasawa ko Dakoro ko Mayahi, sai ya kama hanyar da ta wuce kilomita 600. A 2008 aka buɗe IUT a Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2010 kuma aka mayar da su jami'o'i. Tamu ta samu sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta Damagaram André Salifou, ta Tawa Djibo Hamani. Alheri ne babba, ba mai musu. Bayan ta gwamnati, makarantu masu zaman kansu suka yi ta buɗewa, musamman na aikin likita da na harkar kasuwanci. A 2013 aka kafa jami'ar Maryam Abacha a nan Maraɗi, wadda ta jawo ɗalibai da yawa daga Kano, Katsina da sauran garuruwan Najeriya. Cikin ƴan shekaru, garin da aka sani da fatauci da alhazai ya zama garin ɗalibai kuma.

To amma ɗakuna ba su hayayyafa kamar yadda ɗalibai ke hayayyafa ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 267.249 a birnin Maraɗi, kuma kowa ya ga yadda garin ya cika ya batse tun daga lokacin. Ta wajen gulbi ba ya iya faɗaɗa, fadama ce, kuma kakanninmu sun ɗanɗana kuɗarta a ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi daga tsohon gari aka hau tudu. Sai ya zama sababbin unguwanni suna ta nisa da tsakiyar gari, inda wani wurin famfo bai kai ba, wani wurin wuta ba ta kai ba. Gadajen site na jami'a kuwa ba su ɗaukar kowa. Wanda bai samu ba, kasuwar haya ce ke jiran sa, kuma a nan zai yi gogayya da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da sabon ango, da ɗan kasuwa.

Bari mu faɗi yadda kasuwar take, saboda iyayen da ke ƙauye waɗanda ba su taɓa kama haya ba. Mafi arha shi ne ɗakin laka a cikin gidan iyali, ko shago a bakin ƙofa, inda za ka yi tarayya da mutanen gida a bayi da famfo. Sama da shi akwai antire-kushe na siminti, ɗaki guda ba falo. Sai shambur-salon, ciki da falo ke nan. Sai selibateriyom, gidan da aka jera ɗakuna takanas don haya, tsakar gida guda, ƙofa guda. Can sama kuma akwai babban gida da yara shida ko takwas ke haɗa kuɗi su kama. Abin da ke ɗaga kuɗin ɗaki sananne ne: kusancinsa da jami'a ko da godoro, ko yana da kontar wuta nasa na kansa, ko akwai famfo a gidan, ko bayi a ciki yake, ko an yi masa rufin ciki da zai rage zafin kwano a watan bazara. Ɗakuna biyu masu faɗi ɗaya za su iya bambanta da ninki saboda waɗannan abubuwa kawai.

Kuɗin wata ba shi ne ke karya mutane ba tun farko. Kuɗin shiga ne. Mu ɗauki misali da ɗakin jika 15 a wata, don lissafi ya yi sauƙi. Mai gida ya ce a ba shi abans na wata 3, jika 45 ke nan. Ya ce a ajiye kosiyon na wata guda saboda ɓarna, jika 15. Dillalin da ya nuna ɗakin ya ce la'adarsa kuɗin wata guda ce, wata jika 15. Yaro bai kwana ko dare ɗaya ba an tashi da jika 75, ba a yi maganar katifa, fanka, bokiti da kurfoti ba. Mu tuna cewa mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, bayan ƙarin da ya fara aiki a watan Janairu na 2024, jika 42 ne. Ashe ko mai albashin ya ba da na wata guda sukutum, bai kai ɗansa bakin ƙofar ɗakin ba. Ina ga manomi da ba ya da albashi?

Shi manomi abin da ke hannunsa hatsi ne da wake da gyaɗa, ko ƴar akuya. Kuma lokacin da ake neman kuɗin nan ya faɗo daidai da kaka, sa'ad da tiya ke ƙasa warwas saboda kowa ya fito da nasa. Uba zai buɗe rumbu ya sayar da arha don ya biya abans, sa'an nan idan bazara ta yi ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada don ciyar da gida. Wato kuɗin ɗakin da ke Ali Ɗan Tsoho ko Zariya, wani ɓangarensa daga tukunyar tuwon wani gida ne da ke can bayan Gazawa ake cire shi. Idan muna maganar tsadar haya, wannan tukunyar ce muke magana a kai.

Me ya sa kuɗin ke ta hawa? A fada za ka ji an ce zarin masu gida ne kawai. Akwai masu zari, ba mu musa ba, amma in muka tsaya nan ba mu gano bakin zaren ba. Gini ya yi tsada ƙwarai a shekarun ga. Bayan 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa wa ƙasar nan takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin. Mu da ke zaune kusa da Ɗan Isa mun fi kowa sanin abin da rufe iyaka ke nufi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, hanyar Najeriya ta buɗe bayan nan, amma kayan da a da ke biyowa ta Kwatano sai suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Ƙarfe, kwano, fenti, wayar wuta, duk sun ji a jikinsu. Wanda ya fara gini da niyyar ɗaki takwas ya tsaya a huɗu. Wanda ya ƙarasa kuma yana son ya fanshe abin da ya kashe.

Sai ga damanar 2024. Ruwan da aka yi a ƙarshen watan Agusta ba za mu manta da shi ba a garin ga: an rasa rayuka, gidajen laka sun zube ba adadi. A Damagaram har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba. Gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan, don makarantu da dama cike suke da waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu. Ambaliyar ta ci kasuwar haya ta fuska biyu. Ta rushe ɗakunan laka, waɗanda su ne masu arha da ɗan talaka ke iya kamawa. Ta kuma jefa magidanta da iyalansu cikin layin masu neman haya, mutanen da a da suke cikin gidajensu na gado. Wanda ya sake gina nasa da siminti, ba zai ba da shi a kuɗin laka ba.

Akwai kuma matsalar tsaro. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga, kuma ƙauyukanmu na wajen Madarumfa da Gidan Rumji su ma sun sha fama da satar shanu da satar mutane. Duk wanda ke da ɗan hali a waɗannan wurare, tunaninsa ya kawo iyalinsa cikin gari. Ba wanda zai ga laifinsa. Amma shi ma ɗaki yake nema, a unguwannin da ɗalibai ke nema.

Ɗaliban Najeriya su ma sun sauya fasalin kasuwar. Lokacin da naira ke da ƙarfi, da yawansu sun zo da al'adar can ta biyan kuɗin shekara gaba ɗaya. Masu gida suka ji daɗin haka, wasu suka shiga gina ɗakuna masu bayi a ciki da tayil, irin waɗanda baƙin ke so. Daga 2023 naira ta yi mummunar faɗuwa, sai ya zama abin da uba ya turo daga Kano yana narkewa a hannun ɗan canji kafin ya zama sefa. Abin da muke gani a layukanmu yanzu shi ne, ɗaki mai tsada yakan yi watanni a rufe ana jiran mai kuɗi, alhali ɗaki mai arha ba ya kwana biyu ba kowa. An yi gini, amma ba irin wanda yawancin ɗalibai ke iya biya ba.

Wasu na tambaya: ai a watan Oktoba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti da kashi 35 cikin 100, ga masana'antar Malbaza nan kusa, kafin nan a watan Yuli litar esans ta koma sefa 499, don me haya ba ta sauko ba? Amsar ita ce, haya ba tumatir ba ce da za ta faɗi da yamma. Gidan da ake haya yau an gina shi ne da simintin jiya. Sauƙin siminti zai nuna kansa ne idan sababbin ɗakuna suka fito suka yi yawa har mai gida ya fara neman ɗan haya, maimakon ɗan haya ya yi ta bin sa. Kuma siminti ba shi kaɗai ne gida ba. Filin da za a yi ginin a kusa da jami'a ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Muddin mutum biyar na jiran ɗaki guda, wanda ya hau ba ya saukowa.

Ya kamata a ji ta bakin masu gida su ma, don muna zaune da su, wasunmu ma su ne. Ba kowane mai gidan haya ne Alhaji mai manyan motoci ba. Akwai gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki uku da marayu biyar. Akwai tsohon malamin lakwal da ya zuba duk abin da ya tara a gini, kuɗin hayar nan su ne cefanensa. Irin waɗannan in ka ce su rage abans, sai su ce: "Ɗana, ba ka ga waɗanda sunka tafi da kuɗin wata huɗu ba, sunka bar min faktir ɗin wuta da ƙofa a karye?" Gaskiya suka faɗa, hakan na faruwa. Abans mai yawa tsoro ne ya haife shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai wanda ke biyan kuɗin tsoron nan shi ne yaron kirki da ya zo daga baya.

Ga wata matsala da ba a cika lissafawa ba, wato kalandar jami'a. A takarda lisans shekara 3 ce. Amma duk wanda ke da ɗa a jami'o'in gwamnati ya san yadda shekarun karatu ke hawa kan juna saboda yajin aiki, ƙarancin malamai da ƙarancin ajujuwa. Mai gida kuwa da ganin wata yake aiki. Ko ana karatu ko ba a yi, wata ya mutu a kawo kuɗi. Idan aka samu shekara guda ta ƙaru a kan uku, a lissafinmu na ɗazu jika 180 ne suka ƙaru a wuyan uba, ba tare da yaron ya faɗi jarrabawa ko guda ba. Burus kuma, ga wanda ya samu, ba duk wata take zuwa ba, kuma takan yi jinkiri. Ga lokacin hutu: yaro zai koma ƙauye ya taya noma, in ya ci gaba da biya yana biyan ɗakin da ɓeraye ke kwana, in ya saki ɗakin ya dawo ya tarar an ba wani, sai sabon abans, sabon dillali, da sabon farashi.

Yaya yaran ke yi? Suna cunkusuwa. Ɗakin da aka gina don mutum guda, za ka tarar da huɗu ko biyar, katifu a jingine da bango da rana, a shimfiɗe da dare. A watan Afrilu da zafi ke kai intaha, tsakar gida ce ɗakin kwana, fitilar bakin godoro ce ɗakin karatu. Wasu kan ce bari su tafi bayan gari inda ɗaki ya fi arha. Sai kabu-kabu ya cinye ribar. In zuwa dala 40 ne, dawowa dala 40, a kwana 25 an kashe jika 10. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, man bakin hanya da masu babura suka dogara da shi shekara da shekaru ya daina arha, kuɗin hawa ya bi shi. Wanda ba ya iyawa sai ya taka da ƙafa cikin rana, ya isa amfi a gajiye, ko ya fara tsallake darasin safe. Daga tsallake darasi sai faɗuwa, daga faɗuwa sai a ce yaron ba ya da kai. Alhali da kansa, wurin kwana ne ba ya da shi.

Ɗiya mata kuwa, nasu ya fi na kowa. Namiji zai iya raɓawa a ɗakin aboki ko a zauren wani. Budurwa ba ta iya haka. Masu gida da yawa ba su ba mace marar aure haya, suna gudun surutun unguwa. Uba kuma ba zai saki ɗiyarsa ta zo birni ba sai ya san a hannun wa za ta zauna, kuma yana da hujja. In akwai gwaggo ko kawu a gari, sai ta sauka can, inda sau da yawa wanke-wanke, girki da rainon yara ke cinye lokacin bitarta. In babu kowa, magana ta ƙare: "Tun da ba wurin zama, ta haƙura, ga mai son ta nan ya fito." Jiharmu na cikin waɗanda aka fi aurar da yara mata da wuri a ƙasar nan. Yarinyar da ta tsallake duk wannan har ta kai ga bak ta yi abin a yaba mata. Abin takaici ne a ce ɗaki guda ya tare ta. Ita ce ungozomar da ƙauyensu ke jira, ita ce malamar da za ta sa iyaye su yarda su sa ƴaƴansu mata a lakwal. Idan matanmu suka je gidan likita suka ce ba su samu mace ta duba su ba, wani ɓangare na dalilin yana nan.

Mu sani kuma garin na cin arzikin ɗaliban nan. Mai tuwo, mai shayi da burodi, mai fotokopi, mai cajin waya, ɗan kabu-kabu, mai shagon unguwa, kowa ya san bambancin kasuwarsa tsakanin lokacin karatu da lokacin hutu. Su ne ke zuwa gidajenmu da yamma suna yi wa ƙananan yara bitar lissafi da faransanci da ɗan kuɗi kaɗan. Gaskiya ne wasu na damun maƙwabta da hira da kiɗa har tsakar dare, kuma ya kamata su san cewa unguwa tana da mutanenta da ladubbanta. Amma garin da ya kori ɗalibai da tsadar ɗaki, kasuwarsa ya kora.

To mene ne abin yi? Babban magani shi ne ƙarin ɗakuna masu sauƙi, kuma wannan aikin hukuma ne da masu hali: a faɗaɗa site, a kai ruwa da wuta sababbin unguwanni, a daidaita shekarar karatu ta fara a kan kari ta ƙare a kan kari. Tun 1996 ƙasar nan tana da dokar haya, amma ɗalibi nawa ne ko mai gida nawa suka taɓa jin abin da ke cikinta? Ya kamata magajin gari da gidajen rediyo su fassara ta da Hausa a karanta wa jama'a. Sai dai doka komai kyanta ba ta aza bulo ko guda. Kafin hukuma ta yi nata, akwai abubuwan da ke hannunmu.

Na farko, a rubuta. Yawancin rigingimun haya da ke kaiwa gaban mai unguwa, tushensu guda ne, an yi magana da baki ba shaida. Takarda guda ta isa, kofi biyu, ko da Hausa ko da ajami: kuɗin wata nawa, abans nawa aka karɓa, kosiyon nawa kuma yaushe za a mayar, wa ke biyan wuta da ruwa kuma yaya ake rabawa, wata nawa za a sanar kafin ƙari ko tashi. Mai unguwa ko limami ya sa hannu. Duk biya a ba da resi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, don haka ba baƙon abu muka kawo ba. Takardar nan ta fi abans na wata shida kare mai gida, don in akwai sunan uban yaro da garinsu da shaidu, gudu da kuɗi ba ya da sauƙi.

Na biyu, masu gida su duba yiwuwar karɓar abans na wata guda ko biyu daga ɗalibin da ya kawo wanda zai tsaya masa. A kuma yi yarjejeniya a kan hutu, ko rabin kuɗi ne, yaro ya bar kayansa ya dawo ya tarar da ɗakinsa. Mai gida bai yi asarar neman sabon mutum ba, yaro bai sake biyan dillali ba. Dillalai kuma sana'arsu halal ce, amma su faɗi la'adarsu tun kafin a taka ƙafa, kuma a daina karɓar kuɗin gani a ɗakin da aka san an riga an bayar.

Na uku, ƙungiyoyin ƴan asalin gari. Kusan kowace karamar hukuma tana da ƴaƴanta ma'aikata da ƴan kasuwa a nan Maraɗi, suna haɗuwa a biki da suna da ta'aziyya. Idan mutum 30 suka riƙa ba da jika 2 a wata, jika 60 ke nan, ya kama hanyar ɗaukar gida guda da za a rubuta wa sunan garinsu, yaransu su riƙa sauka. Inda ɗalibai suka haɗu suka kama babban gida da kansu, kuɗin kowane kai yakan fi sauƙi a kan ɗaki ɗai-ɗai, matsalarsu kullum ita ce wanda zai biya kuɗin shiga ya kuma tsaya musu a gaban mai gida. Manyan garinsu za su iya wannan.

Na huɗu, kira ne ga alhazanmu da hajiyoyinmu. Garin ga ya san saukar baƙo tun zamanin cinikin gyaɗa. Fatake sun sauka a gidajen fatoma, almajirai sun kwana a zaurukan kakanninmu ba a karɓi ko dala ba. Ana gina masallatai, ana haƙa rijiyoyi, Allah ya saka da alheri. A ƙara da waƙafin gidan ɗalibai mata: katanga mai kyau, ƙofa guda, famfo, fitila, da dattijuwa mai mutunci da za ta zauna da su a matsayin uwa. Gida ɗaya irin wannan zai sa uba 20 ko 30 su saki jiki su bar ɗiyansu su yi karatu. Wanda ba ya da halin gini amma yana da ɗakin da aka cika da tarkace, ko shagon da ya shekara a rufe, ya share shi ya faɗa wa limamin unguwa. Hajiyar da ɗiyanta suka yi aure suka bar ta ita kaɗai a gida, ta ɗauki yarinya guda ko biyu, ta samu abokan hira, ta samu lada.

Ku kuma ɗalibai, ku riƙe amana. Ku biya a kan kari in kuna da shi, in ba ku da shi ku je da ƙafarku ku ce "Baba, a yi min haƙuri zuwa kwana goma," kada ku riƙa laɓewa. Ku bar ɗaki yadda kuka same shi. Duk wanda ya gudu da kuɗin mai gida, ƙanensa da ke tafe ya rufe wa ƙofa.

Ƴan uwa na Damagaram da Tawa, mun san abin da muka faɗa ba baƙo ba ne a wajenku, na Yamai kuwa sun riga mu ganin wanda ya fi haka. Allah ya hore wa iyaye abin biya, ya sanya tausayi a zukatan masu gida, ya ba yaranmu ilimi mai amfani. Amin.